Guguwar Kande Mai Ƙafa Biyar

An haifi Kande a Gidan Sada, wani ƙauye gabas da Zango, a shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye. Maza huɗu uwarta ta haifa kafin ita, shi ya sa sunan yankanta bai bi ta ba, Kande kowa yake cewa har ta mutu. Uwar, wadda ake kira Iya, maɗinkiyar faifai ce. Ƙasar goriba ce, kaba ba ta yankewa, kuma a lokacin babu macen da ba ta iya murɗa ciyawa ta naɗe ta da kaba ta fitar da abin rufe ƙwarya ba. Amma na Iya daban ne.

Sauran mata idan za su raba zane sai su auna da silin kaba, su ninke shi biyu, su sake ninkewa. Saboda haka zanensu ƙafa biyu ne, ko huɗu, ko takwas, kuma idan ka raba faifan ta tsakiya, wannan gefen ɗaya yake da wancan. Na Iya ƙafa biyar gare shi, biyar kuwa ba ta fita da ninki. Ƙafafun ma ba miƙaƙƙu ba ne. Daga cibiya suke tashi sirara, su lanƙwasa dama, suna ƙara faɗi har su kai baki. Guguwa ake ce wa zanen.

Kande tana shekara tara Iya ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, bayan yarinyar a ƙirjin uwar, hannun uwar a kan nata. Lissafin da baki aka ba ta: jan ɗinki ɗaya a matakin farko, sai biyu, sai uku, sai biyar, sai takwas, sai goma sha uku.

"Na yau, na jiya ne da na shekaranjiya," in ji Iya. "Ki haɗa su. Kada ki tambaye ni dalili."

Sauran aikin ba na baki ba ne. A kowane zagaye akwai ɗinki guda da ake ƙarawa a ɓoye ƙarƙashin babban yatsa, akwai kuma yadda ake jan kabar a daidai wurin, don ƙafafun nan biyar su tafi da tazara ɗaya, faifan kuma ya kwanta a shimfiɗe. Wannan Iya ba ta da kalmarsa. Yatsan Kande take dannawa, yau da gobe, har yatsan ya iya da kansa. Shekara biyu aka yi ana haka.

Aka aurar da ita ga Ya'u, mai kai awaki kasuwar Mai'aduwa. Haihuwarta ta fari mace ce, aka sa mata Rahmatu. A ƙasar nan ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kowace mace tana yi daidai gwargwado, wasu su sassauta bayan shekara biyu ko uku. Kande ba ta sassauta ba. Ko nono za ta ba jaririyar sai ta juya fuska ga bango. Tsofaffin ƙauyen suka riƙa misali da ita, suna ce wa amare su je su koyi kara wurin Kande, ita kuwa tana jin daɗin hakan, ba sai an ɓoye ba. Da aka yaye yarinyar, Kulu ƙanwar Ya'u, wadda ke aure a birnin Daura ba ta taɓa haihuwa ba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Daga ranar, idan dole ta kama Kande ta ambace ta, sai ta ce "ta birni".

Bayanta ta haifi Sama'ila da Audi, sai mata biyu, Nana da Auta. Nana ce aka yi wa tanadin guguwa. Ƙyanda ta shigo ƙauyen wata bazara ta ɗauke su duka biyun cikin mako guda. Nana tana da shekara takwas, saura ɗaya a zaunar da ita. Kande ta wanke tufafinsu ta bayar, ba ta sake haihuwa ba.

Mata da yawa sun roƙe ta ta koya wa 'ya'yansu. Ta ce abin Iya na 'yar ciki ne. Wasu suka kwaikwaya da ido, suka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙafafun suka fito musu kamar wutsiyar ɓera. Daga baya ma aka daina roƙo. Kuɗin mai ya shigo, kwanukan langa masu murfi suka cika kasuwar Zango, robobi kala-kala suka biyo baya. Ya'u ya rasu. Sama'ila ya tafi aikin titi, Audi ya sayi babur yana kai mutane Kongolam, bakin iyaka, matansu suna rufe tuwo da faranti. Kande tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɗinki, lissafin yana kanta ita kaɗai, 'yar cikin da ta rage mata kuwa ita ce wadda ba ta iya kallo.

Rahmatu ta yi boko a hannun Kulu, ta yi kwalejin horon malamai mata, ta zama malamar lissafi a Daura. Ta auri Zailani, ma'aikacin kwastan a Kongolam. Cikin kayan ɗakinta akwai faya-fayai goma sha biyu da aka aiko daga ƙauye ba tare da saƙo ba. Wata rana tana zaune ta ɗauki ɗaya ta ƙirga jan ɗinkin.

A dogon hutun daminar 1975 motar Zailani ta sauke ta ita da Kulu a bakin Gidan Sada.

"Matar Yaya, fito ki ga baƙin da suka fi ƙarfin tabarmarki," in ji Kulu tun daga zaure.

"Su tsaya a tsaye mana, wa ya hana su?" in ji Kande.

Rahmatu ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta. Kande ta amsa tana duban akuyar da ke ɗaure a turke.

Bayan an sha fura Kulu ta ce, "'Yarki ce ta zo da magana."

"Ba ni da 'ya a birni."

"To 'yata. 'Yata ta ce lissafinki yana cikin littafin Turawa."

"Gwaggo, ki ce mata ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, sha uku," in ji Rahmatu, idonta a ƙasa. "Na gaba ashirin da ɗaya ne, sai talatin da huɗu. Sanannen jeri ne, mun yi shi a kwaleji. Wani mutumin Italiya ya rubuta shi shekara ɗari bakwai da suka wuce, har sunansa aka sa wa jerin."

Basilla ta tsaya a hannun Kande. Ba ta taɓa wuce sha uku ba, don babu faifan da ya kai faɗin haka. Ta haɗa takwas da sha uku a zuci. Ashirin da ɗaya ne. Tun rasuwar Iya ba ta ji lambobin nan a bakin kowa ba.

"Kulu, ki tambaye ta, mutumin nan a gidan wa ya koyi ɗinki?"

Kulu ta yi dariya har goro ya sarƙe ta. Da ta huce ta faɗi abin da ya kawo su. An mayar da Zailani Ikko, tashar jiragen ruwa, za su tashi da an gama hutu. Mako shida Rahmatu take da shi, kuma guguwa take so a koya mata.

Kande ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ɗauki wuƙa bayan la'asar ta tafi yankan kaba, alhali akwai dami biyu a rataye a ɗakinta.

Ga yadda aka tsara karatun. Kande a ƙofar ɗakinta, Rahmatu can gindin rumbu tana fuskantarta, taku shida tsakaninsu, Kulu a tsakiya da ƙullin goronta. Kande tana ɗaga faifan sama fiye da yadda ta saba, tana rage saurin hannu, kamar dai haka kawai ta ga dama.

"Kulu, ki gaya wa mutanen birni kaba ba alli ba ce. A jiƙa ta."

"Kin ji, ki jiƙa."

"A ƙara ɗaya."

"Ta ce ki ƙara ɗaya."

"Ban ce a nan ba."

"To a ina?"

"Inda ya kamata."

"Kin ji, wai inda ya kamata. Ni dai da na san haka aikin tafinta yake da na zauna a gidana."

Rahmatu mai kai ce, kuma tana da ido. Abin da ba a faɗa ba ta tsince shi da kallo, ta lalata biyu, na ukun ya kama hanya. Duk tsawon kwanakin Kande ba ta ɗaga ido ta dube ta ba, iyakarta ƙafafun da ke kan tabarma. Ranar da mako uku ya cika Kulu ta ɗauko faifan da aka gama ta ajiye mata a cinya.

Kande ta bi shi da yatsa. Lissafi daidai. Ƙafa biyar, tazara ɗaya, ya kwanta lafiya lau. Amma ƙafafun hagu suka lanƙwasa.

"Wannan guguwar da baya take tafiya."

"Ai dole," in ji Kulu. "Bahaguwa ce. Tun tana rarrafe da hagu take ɗaukar abu. Na yi dukan, na ɗaure hannun, ci da rubutu kawai na samu na mayar dama. Ke ba ki sani ba?"

Kande ba ta sani ba. Shekara ashirin da takwas da haifar yarinyar. Ta ci gaba da shafa bakin faifan.

"Gwaggo, ki ce mata na gani tun a zagaye na biyar," in ji Rahmatu. "Ina fuskantarta, damarta ce haguna, hannuna kuma ya bi abin da ya fi masa sauƙi. Nata, idan aka juya shi kashi ɗaya cikin biyar, sai ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Nawa ma haka. Amma ko wuni aka yi ana juya nawa ba zai zama nata ba, sai dai a madubi. Sau biyu na gwada lanƙwasa shi dama, sai ya tattare kamar ƙoƙo."

"To mene ne?" in ji Kulu. "Gwamnati ma shekara uku da suka wuce ta kwashe motoci daga hagu ta mayar dama, duniya ba ta tashi ba. Tuwo dai za a rufe. Wa zai tsaya dubawa?"

"Ni," in ji Kande.

Rahmatu ta ce a hankali, ba ta ma sa Gwaggo a ciki ba, "Ni ma irin na Iya nake so."

Daga washegari Kande ta fara ciwon kai bayan azahar. Haka ta gaya wa Kulu. Sai ta shiga ɗaki ta saki asabari, ta zauna inda haske ke shigowa ta taga, ta mayar da basilla hannun hagu. Mace mai shekara arba'in da biyar, wadda ko ludayi ba ta taɓa ɗauka da hagu ba. Ta huda yatsunta har ta daina ƙirgawa. Abin da take nema shi ne yadda mai ɗinki da hagu zai fitar da guguwar dama, ba wanda ya taɓa koya mata wannan, don Iya ma ba ta san shi ba. Ƙanana take yi, kamar tafin hannu. Huɗu suka tattare. A kwana na tara ta gano: ɗinkin ɓoyen bayan ƙafa zai koma maimakon gabanta, a kuma sassauta ja kaɗan a wurin, kaɗan ɗin da yatsa ne kawai ya san iyakarsa. Ta yi uku a jere, duka suka kwanta, duka dama suka nufa. Ta ƙulle su bakwai ɗin a tsumma ta tura ƙarƙashin gado.

Kwana biyu tana ƙoƙarin aika abin ta bakin Kulu.

"A mayar da ƙarin baya. A sassauta."

"Ta ce ki sassauta."

"Ba haka da yawa ba."

"Ta ce ki matse."

"Ban ce a matse ba, Kulu. Ke kunnenki na ado ne?"

"To ke bakinki na mene ne? Ga ta nan zaune, ba a Makka take ba."

Faifan Rahmatu ya tattare, ta warware, ya sake tattarewa. A yammacin kwana na biyu ta ajiye basilla ta ce, "Gwaggo, ki ce mata daga nan ba na ganin ƙarƙashin yatsanta."

Kulu ba ta maimaita ba. Kwana uku suka rage. Kande ta bar biyu suka wuce tana ɗinkinta kamar ba a yi maganar ba. Ana gobe tafiya ta ce, "Kulu, ki ce gobe da hantsi, a bayan ɗaki."

Da safe ta tura matan 'ya'yanta kai abinci gona tun kafin lokaci. Kulu ta yafa mayafi ta ce za ta dubo wata mara lafiya a ƙarshen gari, wadda kowa ya san ta warke tun makon jiya. Kande ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki kusa da danga, ta ajiye ƙwaryar jiƙaƙƙiyar kaba, ta zauna ta miƙe ƙafafu. Rahmatu ta zo ta tsaya. Sai ta juya ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta, babbar mace, malamar makaranta, ta ja baya har bayanta ya taɓa ƙirjin Kande.

Kande ta ga ƙeyarta. Akwai tsohon tabon ƙuna a bayan kunnen dama, ba ta san yaushe aka yi shi ba, ba ta san wa ya yi jinyarsa ba. Ta miƙa hannu ta ɗora a kan hannun hagun Rahmatu. Suka kai basilla wurin, Kande ta nemo babban yatsan ta fara dannawa.

"A'a, Kande. Ashe haka tsufa yake?"

Madina ce maƙwabciya, ta leƙo ta kan danga aron rariya.

"Goyon 'yar fari ake yi a bayan ɗaki? Ke da ake tura mana amare su koyi kara? Tsaya in kira mutane su zo su gani, kada a ce ƙarya na yi."

Wasa take yi. Da Kande ta ce mata ta ɗauki rariya ta ba mutane wuri, da ta yi dariya ta tafi, shi ke nan. Amma kafin Madina ta rufe baki Kande ta riga ta miƙe. Ta ce wuƙa take nema, ta zagaya ta shiga ɗaki ta saki asabari. Madina ta karɓi rariyar a hannun Rahmatu ta tafi, kafin la'asar ta manta da zancen.

Lokaci bai ƙure ba. Daga hantsi zuwa azahar sa'a uku ne cur, abin da ya rage a koya kuma bai fi aikin sa'a ɗaya ba ga mai hannu irin na Rahmatu. Kande tana zaune a bakin gado ta san haka. Ta san yarinyar tana nan a kan tabarma ba ta tashi ba, don ba ta ji motsinta ba. Ta ce wa kanta bari zufar ta bushe tukuna. Ta ce bari Madina ta yi nisa. Ta miƙe sau biyu ta kai hannu ga asabarin, sai ta ji kamar duk garin yana tsaye a bayansa.

Kulu ta dawo, ta ji abin da ya faru, ta zo ƙofar ɗakin.

"Kande, fito. Wallahi ba kowa a gidan nan. Na tsaya miki a zaure, ko mai gari ne ba zai shigo ba."

Ba ta taɓa kiranta da sunanta ba sai ranar. Kande ba ta fito ba.

Da azahar mota ta yi ƙaho a waje. Rahmatu ta zo ta durƙusa a bakin asabari.

"Inna, na tafi."

"Kulu, ki ce Allah ya kiyaye hanya."

"Ta ji," in ji Kulu.

Ikko ba nan kusa ba ce. Shekarar da ta biyo Rahmatu tana da tsohon ciki, ba ta zo ba. Ta rubuto cewa za ta zo hutun ƙarshen 1977, Audi ya karanta wasiƙar a tsakar gida, Kande tana tankaɗe kamar ba ta ji. Ta yanko kaba ta shanya tun da sauran wata uku. Ana cikin girbin gero ciwon haƙarƙari ya kama ta, kwana biyar ta yi ta rasu. Kafin saƙo ya kai Ikko, kafin a samo mota, Rahmatu ba ta iso ba sai ranar sadakar bakwai.

Kulu ce ta tsinci ƙullin a ƙarƙashin gado ta ba ta. Rahmatu ta baje su a tabarma. Daga kwanciyar ɗinkin ta gane da hagu aka yi su, ta ware huɗun da suka tattare, ta ɗauki ukun. Ta ƙirga. Lambobin da ta sani ne, ba sabon abu. Ta sa basilla ta warware ɗaya a hankali, zagaye bayan zagaye, ta ga inda aka mayar da ƙarin baya. Wannan ma an riga an gaya mata. Yawan jan da aka yi wa kabar kuwa, da zarar an warware ya tafi, sai ciyawa da lanƙwasasshiyar kaba a cinyarta. Ta warware na biyu, haka. Ta ɗinka nata a gefe tana dubawa, ya tattare.

Ta ɗauki na ukun ta sa bakin basilla, sai Kulu ta riƙe mata hannu.

"Bar wannan. In kin warware shi babu wani."

Ta bar shi. Ta koma Ikko da shi, daga baya Kaduna, ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi. Guguwar hagu ta ci gaba da ɗinkawa idan ta samu kaba, ta kuma koya wa 'ya'yanta mata biyu, dukansu masu dama, suna zaune suna fuskantarta. Nasu dama yake lanƙwasa, kuma yana kwanciya. Ita dai har idonta ya daina ganin ɗinki ba ta fitar da guguwar dama ko ɗaya da hannunta ba.